Kuben Kwali

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Tawa, da hantsi. Ina zaune bakin rumfata ina fere ice, sai motar Illa ta tsaya a ƙetaren titi. Illa direba ne, shi ke jigilar mutanen Barmu da na ƙauyukan da ke gaba da ita. Bai saba kashe mota a wurina ba, ta taga yake gaishe ni ya wuce. Ran nan ya kashe, ya sauko riƙe da wani dogon abu naɗe cikin rawani, ya tuɓe takalmi, ya zauna gefen tabarma.

"Baba Nomau, sai haƙuri. Gali ya rasu."

Na yi salati, na tambaye shi yaushe. Ya ce shekaranjiya, a wani zangon makiyaya arewa da Barmu, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Can aka rufe shi.

"Ya ishe mai takobin da yat tahi nema?" na ce.

"Ya ishe shi. Ga abin nan, yac ce a kawo maka. Yac ce kuma in gaya maka saura ukku."

Gali maƙeri ne, Buzu. Shi ke ƙera ruwan takobi, ni nake yi masa kube, kusan shekara arba'in. Ukun da ya ambata takubba ne na aikinmu da ke hannun makiyaya a daji, cikin kuben da ba zai iya riƙe su ba. Duk wanda ke rataye da ɗaya yana iya yanke kansa ko raƙuminsa kowace rana, kuma bai sani ba. Yadda aka yi hakan ta faru nake so in bayyana, musamman ga samarin da ke koyon dukanci yanzu. Na ji ɗayanku yana cewa kube ai riga ce kawai, wanda ya iya yanka da shafa gam ya gama.

Kuben farko da na yi da hannuna na wuƙar wani mahauci ne. Lokacin na yi shekara huɗu a rumfar kawuna Hashimu, ban wuce kankare fata da murza zare da dakan karan dafi na jan rini ba. Ga yadda ya koya mini. Ana tsaga icen dashi biyu, don shi ba ya da nauyi kuma ba ya cin kaifi. A kwantar da ƙarfen a kan kowane ɓari a zana, a riƙa rarakewa kaɗan-kaɗan. A shafa wa ƙarfen baƙin tukunya, a rufe shi tsakanin ɓarin biyu, a buɗe. Inda baƙi ya taɓa ice, nan za a ƙara rarakewa. Haka za a yi ta yi har ƙarfe ya kwanta. Sannan a haɗa icen da ƙaro, a naɗe da zare, a jiƙa fatar akuya a ja ta a kai, a ɗinke ta baya da basilla. Ƙarfen yana ciki har fata ta bushe a inuwa, kwana uku. In ka zare shi da wuri, fata za ta matse ice, kube ya ƙi karɓar mai shi.

Da na gama na miƙa wa kawu, sai ya kifa kuben, baki ƙasa. Wuƙar ta zame ta caki tabarma tsakanin ƙafafunsa. Ya dube ta, ya dube ni.

"Nomau, mahaucin nan mi yai maka?"

Gwaji biyu ne ga kube. In an kifa shi kada ƙarfe ya faɗi, in an ja da hannu ɗaya kada ya yi gardama. Kawu ya ce fata ado ce da maganin ruwa, ice ne ke tsakanin kaifi da cinyar mutum. Na ji wannan magana ina saurayi, kuma ban taɓa manta ta ba. Ina so ku riƙe wannan, don kada ku ɗauka rashin sani ne ya jawo abin da ya faru daga baya.

Takobin farko da muka yi da Gali na wani mai raƙuma ne da zai aurar da ɗansa. Gali ya zo Tawa a shekarar fari da iyalinsa, ya kafa maƙera a ƙetaren titi, daidai rumfata. A lokacin takobi ɗaya sau huɗu yake ƙetare titin nan. Ya ƙera ruwa ya kawo mini, in yi ice da fata in mayar masa, ya sa ƙarfen baki da na tsini ya dawo da shi, in ɗaura hamila, igiyar ratayawa, in kai masa ya yi wasan ƙarshe. Kowace ƙetara da shayinta. Yakan ce, "Baduku, ka yi wa yarona riga ko kuwa ka ɗinka mishi buhu?" Ni kuma in ce, "Buzu, wanga takobi ne ko muciya?" A bakin ƙota yake buga tambarinsa, ɗigo uku da layi a ƙasa. Makiyaya daga nan har rijiyoyin arewa sun san wannan tambari.

Aikin farko da muka yi wa nasaru ya zo ne cikin sanyi. A shekarun nan motocin masu yawon buɗe ido kan biyo ta Tawa za su Agadas. Turis muke ce musu. Su kwana ɗaya, su sha mai, su zaga kasuwa. Mai yi musu jagora, wani ɗan Yamai, ya kawo mana mutum shida, kowa na son takobi, gobe kuma za su wuce. Biyu kawai muke da su gamammu. Ya ja mu gefe ya ce muna barin arziki yana wuce mu a titi. Ya ce waɗannan mutane ba daji za su ba, a bango za su rataye. Kada a sa wa ƙarfe kaifi, don ana wahalar da su a filin jirgi. Ice kuma nauyi yake ƙara wa akwati da ɓata lokaci. Mu sa kwali a ciki, mu ƙara ado a waje.

Muka gwada, ya yi. Gali ya yanke ma'auni na kwano, duk ruwan da zai ƙera ya zama tsawo ɗaya, faɗi ɗaya. Ni na sassaƙa takobin katako daidai wannan ma'auni, a kansa nake naɗa kwali in ja fata. Abin da ke cin mako ya koma biyar a wuni. Na iya zanen tsanwar fata a kan ja, na iya tuntaye, har nasaru na ɗaukar hannuna hoto. Gali ya sa musu suna takubban bango. Abu ɗaya ya ƙi saki, bai taɓa yarda ya yi da mugun ƙarfe ba. Ko na bango ne, da sifirin mota yake ƙerawa, ya ce ba zai buga tambarinsa a kan gwangwani ba.

Tun da awo ya zama ɗaya, takobi ya daina ƙetare titi. Bayan 'yan shekaru Gali ya koma Barmu inda gawayi ya fi sauƙi, yana aiko mini da ruwa ɗauri-ɗauri a mota, da ƙarafan baki da na tsini a cikin buhu. Ba faɗa muka yi ba. Aikin ne bai ƙara neman mu zauna tare ba. Ba zan zagi waɗannan shekaru ba, a cikinsu na yi rufin kwano, 'ya'yana suka yi lakkwal, wato makarantar boko. Amma makiyayi in ya zo da takobinsa sai in ce ya dawo bayan sanyi. Suka gaji da dawowa. Na yi shekara ashirin da wani abu ban tsaga icen dashi ba.

Karyewar kasuwar ba ta zo rana ɗaya ba. Da farko muka ji an ce ƙasashen nasaru sun shafa wa yankinmu ja a taswirarsu, sun hana mutanensu zuwa saboda tsaro. Motocin sanyi suka ragu, suka ƙare. Muka rayu da wani dillali a Yamai mai sayar wa ma'aikatan furoje, wato ƙungiyoyin agaji, da sojojin waje tsaraba in za su hutu. Shi ne ya sa muka yi takubba masu yawa don wani baje koli a ƙetare. Mun gama ke nan sai korona. Aka rufe filin jirgi, aka tsare hanyar Yamai, har jam'i aka hana na wani lokaci. Ban ce babu cutar ba, ta ɗauki mutane. Amma dokar ta riga cutar isowa rumfata. Baje kolin bai yiwu ba, takubba suka kwanta a akwatin ƙarfe.

Da aka buɗe, kasuwa ta ɗan motsa, muka rage waɗansu. Sai sojoji suka karɓi mulki a Yamai, maƙwabta suka rufe iyaka, manyan ƙasashe suka shiga jayayya a kanmu. Nasarun da muka sani suka kwashe kayansu, aka ce waɗansu sun zo. Dillalinmu ya koma sayar da shinkafa. Gali ya zo Tawa a lokacin, muka zauna da rediyo tsakaninmu. Da aka gama labarai ya zuba shayi ya ce, "Kowane baƙo da abin da yaz zo nema. Wani dutsen ma'adini, wani wurin aje jirgi, wani hoto. Mu masu hoton ne namu, kuma su ne ba a yin taro a kansu."

Ran nan muka yanke shawarar kai sauran takubban kasuwar dabbobi. Goma sha ɗaya suka rage. Gali ya ce makiyayi ba ya sayen ƙarfe marar kaifi, kuma shi ba zai kunyata kansa ba. Ya zare su duka ya tafi da su Barmu, ya wasa kowane har yana aske gashin hannu, ya aiko da su. Ni kuma na ɗauko kubensu daga akwati na zura. Na ga kaifin, babban yatsana ya ji shi. Na kifa kowane, bai faɗi ba, na ja da hannu ɗaya, ya fito. Gwajin nan biyu duk sun ci. Ban haɗa kaifin da kwalin a raina ba, don shekara da shekaru ba wani kaifi da ya shiga kubena. Shi ya yi rabinsa a can, ni na yi nawa a nan. Da a ce takobi ɗaya ya ƙetare titi kamar da, da ɗayanmu ya tsaya ya tambaya. Cikin kasuwa huɗu muka sayar da su duka, waɗansu a Tawa, waɗansu a Barmu.

Bayan wata biyu, muna kasuwar Barmu, wani makiyayi mai suna Ilyas ya zo yana ɗingishi. Ya yi sallama, ya zauna da ƙyar, ya aje takobi a tabarma. Ya ce raƙuminsa ne ya yi tuntuɓe a gangare, shi kuma ya faɗo a kan gefensa. Kaifin ya ratsa kube ya shiga cinyarsa. Kwana biyu kafin a kai shi likita. Bai ɗaga murya ba. Ya zaro 'yar wuƙarsa, ya farke kuben daga baki har tsini, ya jawo kwalin. Rubutun jikinsa na nan, da hoton butar shayi.

"Na san wanga shayi," in ji shi. "Mai kyau ne, shi nika sha. Ban dai san ana aje takobi ciki ba."

Mutanen da suka taru ba wanda ya yi dariya. Na ce masa laifina ne, ni na yi kuben. Ya dube ni kamar bai gane abin da ya kawo ni cikin maganar ba, ya juya ya nuna tambarin da ke bakin ƙota, ya yi wa Gali magana da Buzanci. Gali ya sunkuyar da kai. Da mutumin ya tashi, Gali ya ce da ni, "Nawa muka saida?"

"Sha ɗaya."

"To, saura goma."

Na ce ina za mu same su, mutanen da yau suna nan gobe suna wata rijiya. Ya ce, "Kai ba wanda yas san sunanka a daji, Baduku. Tambarina ne ke yawo. Ni na san su. In ban san suna ba, na san shaidar da ke wuyan raƙumi."

Kuben Ilyas shi ne na farko da na yi da ice bayan duk shekarun nan. Sai da na ɓata ɓari shida. Hannu ya manta yadda ake jin ice in ya kusa hujewa. Gali ya zauna a rumfata mako guda yana kallo, yana dafa shayi, yana cewa a Barmu akwai tsohuwa mai sassaƙa ludayi, ko in je ta koya mini. Da na gama shi ya kifa, shi ya ja, sannan ya dafa kuben a gwiwarsa ya danna da ƙarfi ta gefen kaifi. Wannan gwaji na uku shi ya ƙaro, kuma tun daga ran nan ban bar shi ba.

Neman sauran ya ci mu fiye da shekara. Gali ke bin kasuwanni da rijiyoyi a motar Illa, don an hana hawa babur a wasu wuraren arewa. Wahalar ba samun mutum ba ce kawai. Makiyayi ba ya yarda ya rabu da takobinsa mako guda, balle a wannan zamani na ɓarayin dabbobi. Kuma ba zan iya yin kube in aika ba, don tun da aka wasa su da hannu kowane ya fita daga ma'auni, dole ƙarfen ya zo gabana. Sai Gali ya riƙa barin nasa takobin, wanda ya gada daga mahaifinsa, a hannun mutum har a dawo masa da nasa. Shi ya sa ɗaya-ɗaya muke yi. Wani ya ce kubensa lafiya lau, sai Gali ya roƙe shi ya bari a farke a gabansa. Wani ya riga ya sayar, sai an bi wanda ya saya.

Sau ɗaya jandarmomi suka sauke shi a shinge, suka ce tsoho ina za shi da makami. Ya ce gyara zai kai. Suka ce takobin ai ba abin da ya same shi. Ya ce, "Rigar ce ba ta da lafiya, mushe," wato yallaɓai da Faransanci. Babbansu ɗan makiyaya ne, ya matsa kuben da yatsa biyu, ya ji ya lotsa, ya ce a bar shi ya wuce.

Shida muka gyara a haka bayan na Ilyas. Kowane in ya zo, Gali na zaune har a gama, shi ke sa ƙarfen baki da na tsini. Na ce masa tafiyar ta yi masa yawa, ya bari sai bayan damina. Ya ce raƙumi ba ya jiran bayan damina kafin ya yi tuntuɓe. Wanda Illa ya kawo mini cikin rawani shi ne na takwas.

Na yi masa kube cikin kwana tara. Ƙarafan baki da na tsini na tsohon na cire na mayar, don babu mai ƙera sabbi. Da ya bushe na shiga motar Illa. Muka fara tsayawa gidan Gali a Barmu na yi gaisuwa, muka wuce arewa har inda mota ke iya zuwa, muka ƙarasa da ƙafa. Mai takobin sunansa Alhusaini, a bukkarsa Gali ya yi jinya. Hausarsa kaɗan ce, Illa ke fassara. Ya karɓa, ya kifa, ya ja, ya mayar. Na ce ya danna a gwiwa, ya danna. Ya shiga ciki ya fito da takobin Gali, ya miƙo mini da hannu biyu. Sannan ya kai ni bayan wani tudu inda aka jera duwatsu a kan kabarin Gali. Muka yi addu'a.

A hanyar komowa wurin mota Alhusaini ya ce Gali ya yi ta ambaton mutum uku yana cikin zazzaɓi, amma da sunan rijiyoyi da shaidar raƙuma yake faɗa, ba duka ya gane ba. Ɗaya dai ya sani, surukin ƙanensa ne shi Alhusaini, yakan ci kasuwar Barmu.

Na kai wa matar Gali takobin mijinta. Tana bayan labule ta tambaye ni ko aikin ya ƙare. Na ce bai ƙare ba.

"To mi za ka bar ma mutane in ka amshi nasu?" ta ce. "Tahi da shi. In ka gama ka maido."

Kasuwa uku na yi ina zama a Barmu kafin surukin nan ya zo. Ya ƙi saurarona sai da ya ga takobin Gali a hannuna. Nasa kuben har ya fara tsagewa ta gefe, ya ɗaure wurin da tsumma. Na gyara, na mayar masa, na karɓo na Gali.

Yanzu duk Lahadi nakan rufe rumfa in shiga kasuwar dabbobi, ina duba abin da ke rataye a kafaɗar mutane. Ɗinkina nake nema, na san shi daga nesa. Illa na tambaya a tashoshi, Alhusaini ya ce zai sa kunne a rijiyoyi. An ce mini ɗaya mai shi ya yi yamma da dabbobinsa tun kafin damina, ba a san inda ya sauka ba. Ɗayan ban san ko a hannun wa yake ba.

Takobin Gali na nan wurina, ban mayar wa iyalinsa ba tukuna. Saura biyu ban same su ba.